Jarka a Bayan Ɗakin Direba

Da ƙarfe takwas na safiyar Litinin aka tsinci jarkar. Shuɗiya ce mai cin lita ashirin. An jingina ta a bayan ɗakin direba, an naɗe tiyo an ɗora a kanta, an rufa da tsohon buhun siminti. Manaja ne ya yaye buhun da ƙafa, a gaban Hajiya mai kamfanin tayil da ma'aikata biyar.

"Gwaggo, ga inda manki yake zuwa," in ji shi. "Sati biyar ina faɗa miki."

Hajiya ta dubi jarkar. Ta dubi baƙar jif ɗinta mai silinda takwas da ke ƙarƙashin rumfa. Sannan ta dubi Baba Direba, wanda ya shekara goma sha tara yana yi mata tuƙi.

Kowa a kamfanin ya san zancen. A da, idan aka cika tankin jif ɗin, tana yin kilomita ɗari biyar da arba'in kafin ta nemi ƙari. Yanzu da ƙyar take kai ɗari uku da sittin. Hanya ba ta canja ba, direba bai canja ba, amma kashi ɗaya cikin uku na man yana ɓacewa.

"Hajiya, ban taɓa ganin wannan jarka ba," in ji Baba.

"Ba ni makullin."

Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Saboda shekarun da muka yi tare, na ba ka zuwa ƙarfe huɗu," ta ce. "Ka zauna ka yi tunani, ka zo ka faɗa min gaskiya. Idan huɗu ta yi ban ji komai ba, 'yan sanda za su tambaye ka."

Maigadi ne ya zagaya bayan ƙofa ya buga wa Auta waya.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Baba. Shekararta huɗu tana sayar da fetur a wani gidan mai da ke bakin babban titi, har abokan aiki suna kiran ta Famfo Uku. Ba ta da yawan magana. Ko direba ya tsokane ta, kai take sunkuyarwa ta ci gaba da kallon mita. Amma kunnenta a buɗe yake. Duk ƙorafin da masu manyan motoci ke yi a kan shan mai, a gabanta ake yin sa, tun safe har yamma.

Ta bar wa ƙawarta famfon, ta tari mota. Kafin tara da rabi tana cikin kamfanin, da rigar aiki a jikinta.

Ta sami Baba a kan benci, hularsa a gwiwa.

"Wa ya ce ki zo?"

"Baba, ina littafinku?"

Ya zaro shi daga aljihun gaba. Ƙaramin littafi ne da ya sha hannu. Kullum da safe yakan rubuta lambar da mitar mota ta nuna, da yamma ma haka. Duk ran da aka sha mai ya rubuta lita nawa. 'Ya'yansa sun daɗe suna yi masa dariya a kan wannan littafi. Yau Auta ta riƙe shi kamar ƙwai.

"Zan yi muku tambayoyi, kada ku yi fushi."

"To, 'yar sanda. Tambayi."

"Iskar taya?"

"Duk Asabar nake aunawa. Tun ba a haife ki ba na san taya mai laushi tana jan mai."

"Filtar iska?"

"Sabuwa ce. Watanta biyu."

"Kuna barin inji a kunne da esi mai sanyaya mota idan kuna jiran Hajiya? Wannan motar tana tsaye ma za ta iya shan lita biyu a awa guda."

"Ni? A inuwar bango nake zama. Esi mura yake sa ni, uwarku shaida ce."

"An fara ɗora mata kwalayen tayil?"

"Hajiya ko kwali ɗaya ba ta yarda a sa mata a mota."

"Ko kun koma taka ta irin na samari? A fizga, a taka burki, a sake fizga?"

Baba ya harare ta. "Ke dai Allah ya shirye ki. Hajiya tana shan shayi a baya ina tuƙi, ko ɗigo ba ya zuba."

Auta ta yi murmushi. Ta riga ta san amsoshin, so take ta kawar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta bi shafukan da yatsa. Kilomita shida a lita, shida, shida da ɗan ɗoriya, shida. Sai kwatsam, huɗu. Ba a hankali abin ya sauka ba. Rana ɗaya ya faɗo.

Ta ɗora yatsa a kan ranar.

"Baba, ranar Laraba, sati biyar da suka wuce. Shafin babu komai. Me ya sa?"

"Ranar da aka cire min haƙori ke nan. Ban zo aiki ba."

"Wa ya taɓa motar?"

"Dogo bakanike ya zo ya ɗauke ta, ya canja mata baƙin mai. Washegari da na tayar da ita na ji muryarta ta buɗe, kamar mai kakin majina. Na faɗa wa Manaja. Ya ce in dai fitilar inji ba ta kama ba, lafiyarta ƙalau, kada in ɓata masa lokaci. Sau uku ina roƙo a mayar da ita gareji. Ga shi nan na rubuta."

Ga shi kuwa, da rubutunsa mai karkata: na ce a duba mota, an hana.

Auta ta miƙe. "Ina jarkar?"

Tana nan inda aka bar ta. Auta ta tsuguna, ta kwance murfin, ta kai hanci. Ta sake shinshinawa. Ta dangwala yatsa a bakin jarkar ta murza. Santsi ta ji, bai bushe ba. Fetur kuwa yana taɓa yatsa yake tashi, ya bar wuri fari. Ta ɗauki tiyon. Shi kam ba ya warin komai sai ruwa da ƙasa, kuma kaurinsa ya kusa wuyan hannunta.

Sai da ta danne dariya.

Ta nufi ƙofa. Maigadi yana zaune da ƙaramar rediyonsa, amma a kashe take.

"Kawu, sannu da aiki."

"Yauwa, 'yar Baba. Kin ga abin da aka yi wa tsohonki? Ni tun safe ko ruwa na kasa sha."

"Kawu, jarkar nan ta ina ce?"

Ya waiga wajen jarkar. "Tana kama da na ɗakin janareta. Huɗu ne a can."

"Yanzu nawa ne?"

"Ban duba ba. Kai, tsoron dubawa nake yi. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a wurina yake. Idan aka ce ta can ce, ai ni za a kama."

"Ɗayan fa?"

Ya nuna ofis da haɓa.

"Ku yi haƙuri da tambayar da zan yi. Kun taɓa zuƙar mai a jif ɗin?"

"Ni? Motar da ko inuwarta ka taka sai ta yi ihu? Rannan tsintsiya ce kawai ta goge ta, ta tara min unguwa. Ban ma san inda ake buɗe tankinta ba."

Auta ta yarda da shi. Murfin tankin daga cikin mota ake buɗe shi, Maigadi kuwa bai taɓa riƙe makullin mota ba.

"Ranar da Baba ya je cire haƙori, yaushe motar ta fita?"

"Dogo ya zo da takwas ya tafi da ita."

"Shi ya dawo da ita?"

"A'a. Yallaɓai Manaja ya tafi ɗauko ta wajen sha biyu. Bai shigo ba sai biyar saura. Na riƙe lokacin ne don ya tarar ina cin abinci, ya yi ta hon kamar zai tashi matattu."

"Garejin Dogo tafiyar minti nawa ce?"

"Ko keke ka hau, rabin awa."

Auta ta duba waya. Sha ɗaya saura. Ta nemi lambar Dogo a littafin Baba, ta kira shi, ta ce Hajiya na son ganinsa maza-maza. Ƙarya ce. Yanzu dole ta je ta mayar da ita gaskiya.

Ofishin Hajiya yana sama. Auta ta tsaya a bakin ƙofa har sau biyu tana ɗaga hannu tana saukewa. Ta tuna hular Baba a kan gwiwarsa. Ta ƙwanƙwasa.

Hajiya na zaune a bayan tebur, Manaja na tsaye a gefenta da fararen tabarau da takardu a hannu. Ɗan ƙaninta ne, shekara biyu ke nan da ta ba shi riƙon ofis.

Auta ta durƙusa ta gaishe su.

"Idan roƙo kika zo, tashi," in ji Hajiya.

"Ba roƙo ba ne, Hajiya. Makullin motar nake so ku ara min. Ba zan tuƙa ba, ban ma iya ba. Murɗawa kawai zan yi a gabanku."

Manaja ya yi dariya. "Gwaggo, kin ji ikon Allah. Uba ya zuƙa, 'ya ta sayar. Ai gidan mai take aiki. Yanzu na gane inda jarkar ke zuwa."

Kunya ta rufe Auta, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ba ta tashi ba.

"Yallaɓai, jarkar nan ba ta taɓa ganin fetur ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Dizal ne a ciki. Motar Hajiya kuwa fetur take sha."

Hajiya ta ajiye biro.

"Me kika ce?"

"Ku zo ku shinshina da kanku."

Suka sauko. Ma'aikata suka bar kwalaye suka matso. Hajiya ta sa aka ɗago mata jarkar, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wannan warin janareta ne."

"Ɓarawo ai kowace jarka ya samu zai zuba," in ji Manaja.

"Da an zuba fetur ko sau ɗaya, da ya wanke santsin," in ji Auta. "Sannan ga tiyon. Hajiya, a buɗe tankin a gwada."

Hajiya ta buɗe motar ta ja abin buɗe tanki. Auta ta kai tiyon bakin ramin. Ko kansa bai shiga ba.

"Kullum ina zuba wa irin wannan mota mai. Wuyan tankinta siriri ne, daidai bakin famfo, kuma akwai maƙogwaro a can ciki da ke hana tiyo wucewa. Wannan na ban ruwan fulawa ne."

Wani daga cikin ma'aikatan ya ce, "Shi ya sa na neme shi da safe na rasa."

Aka yi 'yar dariya. Manaja bai yi ba.

"To ina man yake zuwa?" in ji Hajiya. "Ba dai aljanu ke sha ba."

"Motar ce ke sha, Hajiya. Ku zo ku gani."

Auta ta zagaya baya, ta zura yatsa a bakin salansa, ta fito da shi baƙi ƙirin. Ta nuna musu bayan motar, inda hayaƙi ya yi wa fenti tabo.

"Motar da ke ƙona mai daidai ba ta yin wannan. Wannan tana haɗiyar abin da ya fi ƙarfinta ne, tana amayar da saura."

Ta karɓi makullin, ta shiga ta zauna a kujerar direba. Ƙafarta ko ƙasa ba ta kai sosai ba. Ta roƙi Hajiya ta leƙo ta taga.

"Zan murɗa makulli rabi, ba zan tayar ba. Duk fitilun gaban direba za su kama lokaci ɗaya, haka kowace mota take gaisuwa. Baba, ku zo ku ƙirga."

Baba ya matso. Ta murɗa. Allon ya haskaka, ja da rawaya da kore.

"Ta batir ga ta," in ji Baba. "Ta baƙin mai. Ta burki. Ta bel ɗin kujera." Sai ya tsaya. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa sitiyari. "Ina ta inji? Nan take zama, a kusurwar hagu. Rawaya ce."

Wurin duhu ne.

"Sati biyar ina kallon allon nan ina jiran ta kama," in ji Baba a hankali. "Ban taɓa lura ko gaisuwar ba ta yi ba."

"An ce muku in ba ta kama ba lafiya ƙalau," in ji Auta. "Ita kuwa an rufe mata baki."

A daidai nan babur ya shigo. Dogo bakanike ne, sai da ya sunkuya kafin ya shiga rumfar.

"Hajiya, an ce kina nemana."

Hajiya ta dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai.

"Ina nemanka," in ji Hajiya. "Shiga ƙarƙashin motar nan ka faɗa min abin da ka gani."

Dogo ya shimfiɗa kwali ya zura jiki, ƙafafunsa suka rage a waje kamar an ajiye sanduna biyu. Ya kunna fitilar waya. Ya haska. Sai aka ji ya yi salati.

"Wa ya yi wa motar nan wannan aika-aika?"

Ya fito fuska a murtuke.

"Hajiya, an yanke tukwane biyu na tace hayaƙi. An liƙa bututu fayau a wurinsu. Waldar ko tsatsa ba ta gama yi ba."

"Me ake yi da su?"

"Sayarwa. Cikinsu kamar saƙar zuma yake, akwai wani ƙarfe mai daraja a jiki. Na babbar mota irin wannan, masu saye har layi suke yi."

Manaja ya gyara tabarau. "To ai magana ta ƙare. Gareji aka kai ta. Ga wanda ya shiga ƙarƙashinta."

Dogo ya yi kansa. Maigadi ya shiga tsakani.

"Yaya Dogo, ku yi haƙuri," in ji Auta. "Ni ma ku na fara zargi. Ranar kun shiga ƙarƙashinta?"

"Ta ina zan zubar da baƙin mai idan ban shiga ba? Tukwanen suna nan lafiyarsu ƙalau. Da idona na gan su."

"Kuna da injin walda?"

"Ko ashana ba na yarda a kunna a garejina."

"Da ku ne za ku cire su, me za ku yi da sensa?"

Dogo ya tsaya. Fushin ya ɗan sauka, aikin ya motsa masa.

"Yauwa, 'yar mai, kin zo wurin. Hajiya, a jikin bututun nan akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa, sensa muke ce musu. Su ne hancin mota. Su ke shinshina hayaƙi su gaya wa ƙwaƙwalwar inji, mai ya yi yawa, rage, ko ya yi kaɗan, ƙara. Duk bakanike, ko jiya ya fara, ya san sai an kwance su an mayar. Wannan kuwa datse wayoyin aka yi, aka tafi da su gaba ɗaya. Mota ta zama ba hanci. Idan ba ta jin wari, sai ta riƙa antaya mai don kada inji ya ƙone. Silinda takwas, kowace da bakinta. Ai dole tanki ya yi kuka."

"Fitilar fa?" in ji Hajiya.

Dogo ya ɗauko sukundireba, ya kwance fuskar allon cikin minti biyar. Ya zaro wani ɗan guntun baƙin tef da farce. Auta ta murɗa makulli. Fitilar rawaya ta kama tar, ta ƙi mutuwa.

Ma'aikata suka ɗauki surutu. Hajiya ta ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Na ji an yi sata. Wa ya yi?"

Auta ta buɗe littafin Baba.

"Ranar Talata da yamma Baba ya ajiye mota, lambar mita ta ƙare da ɗari biyu da goma. Ga shi. Yaya Dogo, idan kun canja baƙin mai kuna liƙa takarda a jikin ƙofa, ko?"

"Kullum. Da lambar mita."

Ta buɗe ƙofar direba ta karanta. "Ɗari biyu da goma sha shida. Kilomita shida, daga nan zuwa gareji. Daidai. Da an dawo kai tsaye, da sai ta zama ɗari biyu da ashirin da biyu. Amma ranar Alhamis da safe Baba ya rubuta ɗari biyu da arba'in da biyu. Akwai kilomita ashirin da ba su da uba. Kuma bayan an bar gareji aka yi su."

"Sha biyu na kira ki na ce an gama, Hajiya," in ji Dogo. "Sha biyu da rabi Yallaɓai ya karɓi makulli a hannuna."

"Biyar saura ya shigo," in ji Maigadi daga baya.

Kowa ya juya.

Manaja ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Banki na biya. Ga cunkoso. Gwaggo, yanzu maganar mai gadi da 'yar gidan mai za ki ɗauka ki bar tawa?"

"Banki yana bayan katangar nan," in ji Hajiya.

"Na kuma biya wajen wani abokina."

"Hajiya," in ji Dogo, "bari in sake kallon waldar nan."

Ya koma ƙasa, ya daɗe, ya fito yana kaɗa kai.

"Na san hannun. Mutum ɗaya ne ke ƙarasa walda da ɗan ƙulli kamar an ɗaure buhu. A layin masu walda yake, bayan kasuwar ƙarafa. Kin ga kilomita ashirin ɗin nan? Can suka tafi."

Ya latsa waya ya buɗe murya. Aka ɗauka, ana jin ƙarar guduma.

"Ƙulli, Dogo ne. Baƙar jif mai silinda takwas, sati biyar da suka wuce. Kai ka yanke mata tukwane?"

"Ni ne. Mai ita ya ce sun toshe, a cire masa. Ya sa su a buhu ya tafi da abinsa. Lafiya?"

"Sensa fa, sarkin gwaninta?"

"Waɗannan 'yan wayoyin? Sun tare min hanya ne na datse. Da fitila ta kama ya ce tana damun idonsa, na kira wani mai gyaran wayarin mota ya liƙe masa. Me ya faru?"

"Yaya kamanninsa?"

"Ɗan gayu ne, da fararen tabarau. Sai duba agogo yake. Har katinsa ya bar min, ya ce akwai motocin kaya biyu da zai kawo."

Direbobin motocin kayan kamfanin suka dubi juna.

Hajiya ta karɓi wayar. "Malam, karanto min lambar da ke jikin katin."

Ya karanto. Ta riƙa latsawa a tata wayar, ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin ta kai ƙarshe ta daina kallon allon, don ta san lambar. Duk da haka ta danna kira.

Aljihun Manaja ya ɗauki kiɗa.

Ba wanda ya motsa. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji.

"Gwaggo, zan yi miki bayani."

"Za ka yi, amma ba ni za ka yi wa ba." Ta juya ga Auta. "Ke, gaya min yadda kika gane. Daga farko."

Auta ta dubi mutanen da suka kewaye ta. Kunyar ta dawo mata gaba ɗaya. Ta kafe ido a kan littafin.

"Mai satar mai kaɗan-kaɗan yake ɗiba, Hajiya, yau da yawa gobe kaɗan. Wannan kuwa rana ɗaya ya faɗo daga shida zuwa huɗu, ya tsaya a nan. Sai na ce motar aka taɓa, ba tankin ba. Ranar kuma Baba ba ya nan. Yallaɓai ya zaci idan ya rufe fitila magana ta mutu. Bai san za ta koma shan mai ba. Da kuka fara tambaya, ya san idan aka kai ta gareji asiri zai tonu, shi ya sa ya hana Baba har sau uku. Dole ya samo wanda zai ɗora wa. Sai ya shiga ɗakin janareta ya ɗauko jarka. Shi a wurinsa mai duk mai ne. Wanda bai taɓa zuba mai da hannunsa ba ne kawai zai yi wannan kuskure."

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗan ƙaninta. Sannan ta ce wa Maigadi ya rufe ƙofa, ta kira 'yan sandan da ta yi niyyar kira da ƙarfe huɗu. Lokacin ɗaya saura kwata.

Ta zare makullin daga motar, ta tako har gaban Baba. Ta miƙa masa makullin da hannu biyu, yadda ya miƙa mata da safe.

"Malam, a gaban mutanen nan na kunyata ka. A gabansu nake neman gafararka."

Baba ya karɓa. Ya ɗauki hularsa ya kafa a ka, ya gyara mata zama.

"Ya wuce, Hajiya," ya ce daga baya. "Amma motar nan gareji za ta yanzu. Karo na huɗu ke nan ina faɗa."

Dariya ta ɓarke, har da Hajiya.

"Ke kuma a famfo na nawa kike?" Hajiya ta tambayi Auta.

"Uku, Hajiya."

"Daga yau a wurinki motocina za su riƙa shan mai. Shiga, a sauke ki."

"A'a, Hajiya, zan tari mota."

"Shiga baya, Auta," in ji Baba, ya buɗe mata ƙofa kamar yadda yake buɗe wa Hajiya.

Ta shiga ta takure a gefen kujera. Baba ya zauna, ya murɗa makulli rabi. Bai tayar ba. Ya bi fitilun da yatsa yana ƙirgawa a hankali har ya kai kan rawayar. Sannan ya zaro littafin daga aljihu, ya duba mita, ya rubuta lambar.

"Yau ba ki yi dariya ba," ya ce, yana kallon ta ta madubi.

"Baba, idan littafin ya cika ni zan sayo muku sabo."